Rigar da Bibata Ta Sa Na Yanka

Ku ajiye salular nan tukuna. Tun safe nake jin ku kuna cewa ɗinki ba wani abu ba ne, wai a nuna muku model a waya, ku taka keke, shi ke nan an gama. Taka keke kam, ko jikata tana iyawa in ƙafarta ta kai. Kuma ɗazu na hango wata kwalba cikin jakar ɗayarku, mai hoton mace siririya a jiki. Ba zan kama suna ba. Ku dai zauna, ni ma bayana ya gaji, yau ba zan ƙara yankan komai ba.

Aikin farko da aka ba ni a Malanbil, wajen Maman Afi, ƴar Togon da ta koya mini sana'ar nan, warwara ne. Ta miƙo mini rigar da wata aparanti, mai koyon sana'a irina, ta ɓata, ta ba ni rabin reza, ta ce in cire zaren kaf ba tare da na ji wa yadin ciwo ba. Na yini a kai. Da na kai mata sai ta ɗaga shi a rana, ta ga huda ɗaya, ta miƙo mini wata rigar. Haka na yi ta fama: warwara, shara, hura gawayin guga, wankin yaranta. A gidanta nake kwana, sai ran Juma'a in haye gada in zo Gaya in ga iyayena. Almakashinta kuwa a ƙugunta yake rataye da igiya, ko mijinta bai isa ya ara ya yanke farce ba. Damina ta zo ta wuce, ta sake zagayowa, kafin ta yarda na riƙe shi. Ta ce abin da keke ya ɓata reza tana gyarawa, amma in almakashi ya wuce, sai dai a ba mai yadi haƙuri. Wannan da kuke gani a hannuna ita ta ba ni ran liberasiyo, wato bikin da ake yi wa aparanti in an yaye ta. An wasa shi har bakinsa ya sirance, amma ban canza ba.

Baƙin keken nan na ƙafa da kuke rainawa, shi ya ciyar da gidana. Kuran, wato wutar lantarki, ya zo, kuran ya tafi, ko a jikinsa. Metir ɗin awo ne kawai nake canzawa a kai a kai, don metir yana tsufa, yana miƙewa a hankali ba ki sani ba, wata rana ki auna mace ki ba ta abin da ba nata ba.

Babban abin da Maman Afi ta dasa mini shi ne rara. In kin auna mutum, kin zana da alli, ba a kan layin za ki yanka ba. Ki bar yatsa biyu ko uku a kowane gefe, ki naɗe shi ciki, mai riga ba ta ma san yana nan ba. Ranar da ta dawo tana cewa rigar ta matse ta, sai ki warware ki buɗa mata. A zamaninmu jikin mace hanya ɗaya yake bi, gaba. Mace ta haihu, a kai ta gidansu wanka, a yi ta ɗura mata fura da kunu da romo, ranar komawa ɗaki a fito da ita tana sheƙi, dangin miji su ga an iya kiwo. Wadda jikinta ya ƙi karɓa sai ta nemi masu tallan magani a tire, su ba ta ƴan ƙwayoyin nan masu kumbura kumatu. Siririyar mace a lokacin tambayarta ake ko lafiya, ko mijin ne ba ya ba ta abinci.

Bibata tana cikin waɗanda na yi ta buɗa wa riga. Mai suyar kifi ce a bakin tashar kamiyo, manyan motocin kayan nan, ƙanwa ce a wurina ta unguwa, tun tana amarya ni nake mata ɗinki. Duk haihuwa sai ta dawo da kayanta a ƙulle tana dariya. “Yaya Hajo, buɗa. Allah ya ƙara.” In buɗa. Mace ce mai baki, in tana shagon nan ba mai jin ƙarar keke. Ba ta taɓa jin kunyar jikinta ba, ita ce ma ke tsokanata wai na bushe kamar kifin da aka manta a kan wuta.

Sai shekarar da aka rufe gada. Wasunku kuna lakwal kuna karatu lokacin, ba ku san abin da muka gani ba. Kamiyo suka tsaya cak, direbobin da ke cin kifin Bibata suka watse, yadin da ke zuwa daga Kotonu ya yi wuya. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ina zai tuna da tela? Ni da nake yanka bazan, shaddar nan mai tsada, na koma faci da juya wuyan riga. Akwai ranar da na buɗe shago har la'asar, aikin da ya shigo ɗaya ne, wandon yaro da ya yage a gwiwa. A shekarar ne idona ya fara ƙin ganin kafar allura.

Bibata ba mai zama ba ce. Ta shiga bin jirgin ruwa tana hayewa Malanbil, ta sayo mai da gari ta kawo ta sayar. Wata rana a bakin gulbi, jirgi ya cika da mutane, ta sa ƙafa za ta shiga sai ya karkata, mata suka yi ihu. Mai jirgin ya ce ta sauka ta jira wanda ke ɗaukar buhuna. Ta juya za ta fita, zanenta ya maƙale, ta zauna daɓas cikin taɓo. Wani mara kunya ya ɗauka da salula. Kafin magariba abin ya zagaye Gaya, har an ɗora masa kiɗa. Ni ma an turo mini, wallahi na ji kamar in fasa wayar. Daga ranar Bibata ta koma kan kaskon suyarta, ta daina tsokanar kowa.

A daidai lokacin nan ne ƙwayar rage ƙiba ta cika gari. Masu tiren nan dai, su ne. Na tare ɗayansu a ƙofar nan na ce, “Kai, ba kai ne ka yi ta sayar mana da ta ƙiba ba?” Ya ce, “Tanti, wancan zamani daban, wannan daban. Wannan ƙona kitse take, ko kina barci.” Na karɓi kwalbar na juya ta. Rubutu ne da ba Faransanci ba, ba wanda ya san abin da ke ciki, har shi mai sayarwar.

Ni ba likita ba ce, abin da metir ya nuna mini kawai zan faɗa muku, kuma mata da yawa sun tsaya a gabana da ƙwayar nan a cikinsu. Kwanakin farko awo yana sauka, wannan gaskiya ne. Mace ta yini tana zarya bayan gida, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, dole ciki ya lafa. Sai ta zo tana murna a rage mata siket. Ni kuwa sai in naɗe ciki, ba na yankewa, don na san za ta dawo. Kuma tana dawowa. Ran da ta ajiye kwalbar ta sha ruwa ta ci abinci, jiki ya koma inda yake, wani lokacin har da ƙari. Damtse da cinya kuwa, inda kitsen yake na gaske, ban taɓa ganin sun motsa ba. Wadda na ga ta ragu kuma ta zauna a haka wata malamar lakwal ce, da ta daina hawan kabu-kabu ta koma takawa, ta rage tuwon dare da sukari a shayi. Ita kuwa a hankali abin ya zo, sai da shekara ta zagayo ina rage mata kaɗan-kaɗan, har na gaji da ganin kayanta. Wa ke son jin wannan? Ba kowa.

Ranar da Bibata ta kawo aikin da nake son ba ku labari, da leda ta shigo a hammata, ta zauna kan bencin nan. Ta buɗe. Bazan ne mai nauyi, ruwan zuma, irin wanda in kin murza yake ƙara. Matan adashensu ne suka haɗu suka saya mata saboda auren autarta Nafisa, da za ta auri wani ma'aikaci ɗan Yamai. A shekarar nan babu irinsa na biyu a Gaya.

Ta ce, “Yaya Hajo, taybas nake so.”

Kun san taybas, riga mai kama jiki tun daga ƙirji har ƙugu, ba ta ɓoye komai.

Na ce, “Taybas? Ke da wa?”

“Ni da kaina.”

“Haba Bibata. Uwar amarya bubu take zubawa, ta zauna a tsakar gida a zo a gaishe ta. Yadin nan in na yi miki bubu da shi, sai an tambayi wace hajiya ce.”

Ta ce, “Dangin miji daga Yamai za su zo, kowa da salula a hannu. Hoton nan Nafisa za ta rataye a ɗakinta har ƴaƴanta su gani. Ba zan sake zama abin turawa a waya ba. So nake in tsaya kusa da ɗiyata ba wanda ya yi dariya.”

To, me zan ce? Na ɗauki metir na zagaya ƙugunta. Sai ta kama yatsana ta ja shi baya a kan metir ɗin, kusan faɗin tafin hannu.

“Nan za ki yanka.”

Na ce, “Wannan ba jikinki ba ne.”

“Kafin biki zai zama nawa.” Ta kwance bakin zane ta nuna mini kwalbar.

Na yi mata faɗa, na yi lallashi, ta kafe. Sai na ce a raina ba komai, rara tana nan. Na shimfiɗa yadin, na zana awon da take so, na matsa waje sosai na sake jan wani layin, yadda in rana ta ɓaci zan buɗa. Ashe tana kallona. Shekara da shekaru tana zama a shagon nan, ta san aikin kamar aparanti.

Ta ce, “A'a. Na san ku teloli. Goge na wajen nan.”

“Ke Bibata, kina da hankali kuwa? Ba a yanka bazan ba rara.”

“Yaya Hajo, na san kaina. In na san akwai wurin gudu a cikin rigar nan, zan ci tuwon dare. In babu, dole in shiga.”

Na ajiye almakashi na ce ba zan yi ba. Ta fara naɗe yadinta, ta ce za ta kai wa samarin bakin tasha, su ba sa musu da mai kaya. Kuma gaskiyarta, za su yanka mata, su karkatar da hannu, su ƙone shi da guga. Na dube ta, na dubi yadin. Na ce ta ajiye. Na yanka a kan layi tana tsaye a kaina, abin da na bari bai wuce wanda allura za ta kama ba. Da na gama ta durƙusa da ƙyar ta tattara ƙyallayen da suka zuba, har ƴan guntaye, ta ƙulle ta tafi da su, don kada in yi mata ƙari a ɓoye.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ta biyo a auna ta. Zuwan farko metir ya shiga da yatsa biyu. Ta yi guɗa a shagon nan har maƙwabta suka leƙo. “Kin gani? Ke da baƙin bakinki!” Na ce Allah ya sa. Amma na ga leɓenta ya tsattsage, idonta ya faɗa. Zuwa na biyu awo bai motsa ba. Na uku ya dawo da yatsa ɗaya. Ta ce metir ɗina ne ya tsufa, ai ni da bakina nake cewa yana miƙewa. Na aika aka sayo sabo fil a leda, na buɗe a gabanta. Abu ɗaya ya nuna.

Sai ta ninka ƙwayar. Mai tire ya haɗa mata da wani ganyen shayi wai yana taimaka wa ƙwayar. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuma, ta lura cewa ranar da ba ta sha ruwa sosai ba awo ya fi sauka. Shi ke nan ta ɗaura yaƙi da ruwa. Ku tuna da zafin Gaya gab da damina, ku tuna mace ce da ke yini a gaban kaskon mai, ga gudawa, ga maganin tansiyo, wato hawan jini, da take sha tun da can. Ta zo nan tana riƙe bango, in miƙa mata moɗa ta kurkure baki ta zubar.

Na ce, “Bibata, don girman Allah ki je wurin majo.” Majo shi ne babban ma'aikacin jinya na likitar unguwarmu, wato asibiti.

Ta ce, “Na je. Ya ce ruwa ne ke fita ba kitse ba, in zubar da kwalbar, in riƙa takawa, in rage ci, a shekara zan ga canji. Biki zai jira ni shekara ne?”

Na ce to bari in ɗinka mata bubu da wani yadi nawa, a ajiye kawai. Ta ce in na yi haka na yi mata baki, ba ita ba ni. Na samu Nafisa na faɗa mata. Yarinyar ta ɗauke kwalbar ta jefa a masai, uwar ta sayi wata kafin azahar. Na gaji. Wallahi na gaji da magana, na koma na ci gaba da ɗinkina. Rigar kuwa ta yi kyau, ban taɓa zama na yi wa taybas aiki kamarta ba. Na goge ta, na sa a leda, na rataye a kusurwar can.

Ana saura kwanaki kaɗan biki ta faɗi a wurin suya. Allah ya taƙaita, gefe ta faɗa ba cikin kaskon ba, man ya ɗan taɓa mata hannu kawai. Aka kai ta likita a nan, aka sa mata ƙarin ruwa, fitsari ya ƙi zuwa. Washegari aka wuce da ita Doso. Can suka ce ƙodarta ce ta ji jiki saboda bushewa, kuma ba za su iya cewa ga abin da ke cikin ƙwayar ba, tunda ba a farmasi aka saye ta ba. Mijinta ya so a ɗaga biki. Ita ta aiko daga kan gado cewa kada a kuskura, mutane sun riga sun taso daga Yamai, ba za a ce uwar amarya ta ɓata wa ɗiyarta rana ba.

Aka yi biki. Na je. An ci, an sha, an yi hotuna, ƙanwar uban Nafisa ce ta tsaya a matsayin uwa. Amarya ta yi ta kuka, baƙi suna cewa kukan rabuwa da gida ne. Ban daɗe ba na dawo shago na zauna.

Bibata ta jima a Doso, daga can aka kai ta Yamai, ta sake jimawa. Sai bayan an girbe gero na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar nan, mai babur ɗin yana taimaka wa wata mata ta sauko. Na ce, “Sannu da zuwa, Hajiya, me za a ɗinka?” Ta ce, “Yaya Hajo, ni ce fa.” Da ba don muryar ba, da ban gane ta ba. Wuya ya fito, fatar damtse tana lilo, zanen ma sai da ta zagaya shi har kusan sau biyu. Ta zauna a kan benci ta huta kafin ta iya gaisawa. An hana ta gishiri, an hana ta tsayuwa gaban wuta, suyar kifi ta ƙare.

Ta ce, “Rigata tana nan?”

Na sauko da ita, na kakkaɓe ledar. Na ja labule na taimaka mata ta sa. Rigar da na yi ta tsoron ba za ta shige ta ba, zuruf ta faɗa. Kafaɗa ta zame, ƙugu yana yawo, hannuna duka ya shiga tsakaninta da yadin. Ta dubi madubi ta ɗan yi dariya.

“Kin ga ta shige ni.”

Na ɗebo allurai na zagaya bayanta na fara tattare yadin ina kamawa.

Na ce, “Sai kin bar mini ita in rage. Wani bikin ne ya taso?”

Ta ce, “A'a, ba sai kin ɗinka ba, ki kama ta baya kawai, ba za a gani ba. Nafisa ta ce mai hoton nan na kusa da shagonki ya iya ɗaukar mutum ya saka shi cikin hoton da ba ya ciki. Ta turo masa na bikin.”

Na kama rigar da allurai tun daga wuya har ƙugu. Na ɗaura mata kallabi, na shafa mata hoda, na ja hannun rigar ya rufe tabon man. Na leƙa na kira mai hoton, ya zo da na'urarsa, ya ce ta tsaya jikin farin bangon can. Ba ta iya tsayuwa ita kaɗai ba, sai na durƙusa a bayanta na tallafe ta ta ƙugu, ya ce zai goge hannuna daga baya. Ya ce ta yi murmushi, ta yi. Ya ɗauka.

Yana haɗa kayansa ta kira shi, tana haki.

“Ɗana, in za ka saka ni, kada ka sa ni a gefe. Ka matsar da gwaggon Nafisa kaɗan. Kusa da amarya za ka sa ni, ni ce uwarta.”